Tambaya da Amsa: Hutun minti 30 da sassaucin gajeren zango ga masu jan manyan motoci a Amurka

Wasiƙun wannan karon kusan dukkansu daga 'yan'uwa ne masu jan tirela da motocin kaya a Amurka, kuma a wuri ɗaya suka haɗu: dokar awannin aiki ta hukumar FMCSA, wadda ke kula da lafiyar sufurin manyan motoci a ƙarƙashin ma'aikatar sufurin tarayya. Kafin mu shiga amsa, ga ginshiƙin dokar ga mai ɗaukar kaya. Bayan hutun awa 10 a jere, kana da damar tuƙin awa 11. Wannan tuƙin dole ya kasance a cikin awa 14 daga lokacin da ka kama aiki. Kuma ba ka tuƙi bayan ka tara awa 60 na aiki a kwana 7, ko awa 70 a kwana 8 idan kamfanin na fitar da motoci kullum. Duk abin da za mu faɗa a ƙasa a kan wannan yake zaune.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ban daɗe da samun CDL, wato lasin tuƙin manyan motoci, ba. Maigidan da ya koya mini hanya ya ce da zarar awa 8 ta cika da kama aiki, dole in tashi daga aiki gaba ɗaya na minti 30. A makaranta kuma ba haka aka koya mana ba. Wa ke da gaskiya?
Sabon direba, jihar Ohayo

Amsa: Wa alaikumus salam. Maigidanka bai yi maka ƙarya ba, tsohuwar doka ce a kansa. Hutun minti 30 ya fara aiki ranar 1 ga Yulin 2013, kuma a wancan lokacin ana ƙirga awa 8 ɗin ne daga hutun ƙarshe, ko tuƙi kake ko lodi, sannan hutun sai ya zama ka tashi daga aiki ɗungurungum. Daga 29 ga Satumban 2020 aka sauya abu biyu. Na farko, yanzu awannin tuƙi kaɗai ake tarawa: idan ka tara awa 8 a kan sitiyari ba tare da an sami katsewar minti 30 ba, ba ka ƙara tuƙi sai ka yi ta. Na biyu, duk minti 30 a jere da ba tuƙi kake ba ya wadatar, ko ka tashi daga aiki, ko kana kwance a makwancin motar, ko kana bakin aiki kana jiran a sauke kaya.

Bari mu sa ma abin lokaci don ka gani da idonka. Ka kama aiki ƙarfe 6:00 na safe, ka zagaya motar ka duba tayu da birki da fitilu na minti 20. Ka yi tuƙi daga 6:20 zuwa 9:50, awa uku da rabi ke nan. A wurin lodi suka yi maka sauri, minti 25 aka sallame ka, ka tashi 10:15. Ka ci gaba har 1:15 na rana, ka tsaya shan mai minti 15, ka koma hanya 1:30. Ƙarfe 3:00 daidai awa 8 na tuƙi sun cika, kuma babu tsayuwa ɗaya da ta kai minti 30, don haka dole ka nemi wurin fakin ko ina kake. Da ka ƙara minti biyar kacal a wurin lodin nan ka tashi 10:20, da agogon awa 8 ya koma sifili, kuma tunda awa bakwai da rabi ne suka rage maka cikin 11, da ka gama ranar ba a sake binka bashin hutu ba.

Dabarar da ke cikin wannan ita ce lokacin da ka zaɓa. Idan kana so ka ci awa 11 ɗinka da hutu ɗaya, ka sa hutun bayan ka yi tuƙin awa 3 kuma kafin ka cika 8. Wanda ya huta bayan awa 2 kawai, awa 8 na gaba za su kai shi awa 10, sai ya sake tsayawa kafin ya taɓa ta 11. Ka kuma riƙe cewa hutun nan ba ya tsayar da agogon awa 14. Ka kama aiki 6:00 na safe, 8:00 na dare tuƙi ya ƙare, ka huta ko ba ka huta ba.

Tambaya: Nakan tsaya in sha mai minti 15, can gaba kuma in tsaya in yi salla wajen minti 15. Sun haɗu sun zama 30 ke nan? Sannan sau biyu na'urar ELD, mai rubuta awannin tuƙi a motar, tana nuna mini ban huta ba alhali na zauna rabin awa.
Direban dogon zango, jihar Jojiya

Amsa: Ba su haɗu ba, ɗan'uwa, matuƙar akwai tuƙi a tsakaninsu. Abin da doka ta yarda a haɗa shi ne matsayi daban-daban a cikin zama ɗaya. Misali minti 15 na shan mai kana bakin aiki, ka sauya matsayinka a na'ura zuwa tashi daga aiki, ka yi alwala da salla na minti 15, motar ba ta shiga tuƙi ba. Wannan hutu ne cikakke.

Matsalar na'urar kuma mun san ta, kuma yawanci ƙafar direba ce take jawo ta. An ƙera ELD ne ta riƙa rubuta tuƙi da kanta da zarar mota ta kai gudun mil 5 a awa. Ka gama shan mai, na bayanka ya matsa maka da hon, ka ja motar gaba daga famfo zuwa wurin fakin, ka ɗan taka totur ya wuce wannan gudun: na'urar ta rubuta tuƙi, ƙirgen mintunan ya koma farko. Kuma lokacin da na'ura ta rubuta a matsayin tuƙi ba ya goguwa, daga kai har ofis babu mai ikon rage shi. Saboda haka ka fara ƙirga hutunka bayan ka ajiye motar a inda ba za a tashe ka ba. Kada kuma ka dogara da agogon hannunka. Minti 29 da 'yan daƙiƙu ba hutu ba ne a wurin na'ura, ka bari ya kai 31 ko 32 a fuskarta kafin ka saki birki.

Tambaya: Na bar dogon zango na koma kamfanin da ke raba kaya a kewayen Hiyuston. Sun ce mini ba ruwana da ELD, ba ruwana da hutun minti 30, domin mu 'yan gajeren zango ne. Abin ya yi mini daɗi da yawa har ina tsoronsa. Gaskiya ne? Kuma mil 150 ɗin da ake faɗa, a mitar mota ake duba shi?
Direba daga jihar Tekzas

Amsa: Gaskiya ne, amma tsoron naka yana da amfani, domin sassaucin nan da sharuɗɗa yake tafe, kuma kowace rana da hukuncinta. Ba wani lasi ba ne da ake ba kamfani sau ɗaya. Ranar da ka cika sharuɗɗan kana cikinsa, ranar da ka saɓa ɗaya ka fita.

Sharaɗi na farko, kada ka wuce mil 150 na sama daga wurin da ka saba kama aiki. Na biyu, ka dawo wannan wurin a sallame ka daga aiki a cikin awa 14 a jere. Na uku, ka sami hutun awa 10 a jere tsakanin aikin yau da na gobe. Na huɗu yana wuyan kamfani: su ajiye rajistar lokacinka. Kafin gyaran 2020 iyakar mil 100 ce da awa 12, shi ya sa za ka ji tsofaffin hannu har yanzu suna ambaton waɗannan.

Mitar mota ba ta da aiki a nan. Mil na sama shi ne wanda jiragen sama da na ruwa ke awo da shi, tsawonsa mita 1,852, ya ɗara mil ɗin hanya. Mil 150 na sama daidai yake da mil 172.6 na ƙasa, kusan kilomita 278. Kuma a miƙe ake auna shi, kamar ka kafa ƙusa a garejinku a kan taswira ka ɗaura zare ka zana da'ira. A cikin da'irar nan ko mil 400 ka zagaya a rana babu laifi. Daga tsakiyar Hiyuston, birnin Ostin yana ciki, San Antoniyo ya ɗan fita, Dalas kuwa ya fita sosai. Duk wurin da ke kusa da bakin da'irar, ka sa ofis su auna maka daga adireshin garejin, kada ka yi kirdado.

Ka lura da kalmar "a sallame ka". Direban dogon zango idan awa 14 ta cika, tuƙi ne kawai ya haramta gare shi, yana iya ci gaba da sauke kaya ko cike takardu. Kai ba haka ba ne. Idan ka shigo gareji a awa 13 da minti 50, sannan aka tsayar da kai wankin mota ko lissafin kayan da suka dawo na minti 20, ka fita daga sassaucin ranar ko da yake ba ka sake taɓa sitiyari ba. Wannan ne ya fi kama mutane, ba nisa ba.

To, me aka ɗauke maka? Abu biyu ne: cike littafin awanni, na takarda ko na ELD, da kuma wajabcin hutun minti 30. Shi wannan na biyun ma kotu ce ta fara cire shi: a Agustan 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke birnin Washintan ta soke wajabcin hutun ga 'yan gajeren zango, wata ɗaya da fara aiki da shi. Iyakar tuƙin awa 11 tana nan a kanka. Awa 60 ko 70 na mako suna nan. Muna nanata wannan ne domin akwai masu raba aiki da ke fassara "ba littafi" da "ba iyaka", kuma direba ne ke kwana a ciki idan aka bincika.

Ra'ayinmu kuma, don an ɗauke maka wajabcin hutu, kada ka ɗauke wa kanka hutun. Aikin cikin gari yana cin mutum ta wata hanya daban: ribas cikin lunguna, hawa da sauka sau ashirin, masu keke da masu tafiya a ƙasa ta kowane madubi. Gajiyar da ke sa mutum ya manta duba madubin dama da la'asar ba ta san da wani sassauci ba. Ka zauna ka ci abinci kamar mutum.

Tambaya: To ranar da aka aike ni wajen da'irar, ko aiki ya riƙe ni na wuce awa 14, me zan yi? Motar ba ta da ELD.
Mai tambayar da ta gabata

Amsa: Ranar ka zama kamar kowane direba: sai ka cike littafin awanni. Da zarar ka gane ba za ka cika sharuɗɗan ba, ka tsaya a wuri mai aminci ka ɗauko takardar, ka zana ranar tun daga farkonta, ba daga inda ka gane ba. Shi ya sa ake son fararen takardun littafin su zauna a motar ko da wata zai wuce ba a taɓa su ba, kuma ka riƙa rubuta lokacin kowace tsayuwa a ɗan littafin aljihu. Ba a buƙatar ka zana kwanakin baya da kake cikin sassauci, na ranar kaɗai za ka nuna.

Hutun minti 30 ma ya dawo kanka a ranar. Idan tun safe ka san za ka fita da'irar, ka tsara shi. Idan kuma abin ya zo ba zato bayan ka riga ka tara awa 8 na tuƙi, ka huta a wuri na farko da ya yiwu cikin aminci, ka rubuta dalilin jinkirin a gefen littafin.

Takarda tana da iyaka. An yarda ka yi amfani da ita muddin kwanakin da ka buƙaci littafi ba su wuce 8 ba a cikin kowane kwana 30. Ba watan kalanda ake nufi ba: kullum za ka waiwaya baya kwana 30 ka ƙirga. Idan rana ta 9 ta zo, sai da ELD, sai fa idan motar tana cikin waɗanda aka keɓe, kamar mai injin da aka ƙera kafin shekarar 2000.

Tambaya: Ni ce nake riƙe da takardun ƙaramin kamfaninmu, motoci shida, huɗu manya, biyu ƙanana da ba sa buƙatar CDL. Me ya wajaba in ajiye? Kuma direbobi suna ta ce mini akwai ranar awa 16.
Ma'aikaciyar ofis, jihar Niyu Jasi

Amsa: Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa, domin sassaucin direbobinki a hannunki yake. Ga kowane direba, kowace rana, ki rubuta lokacin da ya kama aiki, lokacin da aka sallame shi, da jimillar awannin da ya yi. Sabon direba ko wanda ake kira jifa-jifa, ki karɓi jimillar awannin aikinsa na kwana 7 da suka wuce. Ki ajiye duka na wata 6. Katin shiga da fita ya isa, manhajar waya ma ta isa, in dai gaskiya ce a ciki. Rajistar da ke nuna 7:00 zuwa 5:00 kullum ba bambancin ko minti ɗaya, mai bincike zai kwatanta ta da rasit ɗin mai da na kuɗin gada da takardun karɓar kaya, kuma nan take za ta tonu.

Ki kuma tambayi kowa ko yana da wani aikin. Duk aikin da ake biyan direba a kansa, ko ba na mota ba ne, ko na wani kamfani ne, lokacin aiki ne a idon doka. Wanda ya tashi daga wurinku ya je ya yi awa huɗu yana ɗaukar fasinja da motarsa, awannin sun shiga lissafin 60 ko 70, kuma hutun awa 10 ɗinsa bai fara ba sai ya ajiye wancan.

Maganar awa 16 kuwa, guda biyu ce ake cakuɗawa. Direbobin ƙananan motocinki, waɗanda nauyinsu ya kai laba 10,001 amma ba sa buƙatar CDL, suna da nasu tsarin a cikin mil 150 na sama: suna iya tuƙi har zuwa awa ta 16 a kwana 2 cikin kowane kwana 7, sauran kwana 5 kuma awa ta 14 ce iyaka, kuma ba littafi. Na manyan motoci nasu daban ne. Direban da ya dawo gareji aka sallame shi a ranakun aikinsa biyar na baya yana iya kai awa 14 ɗin zuwa 16 sau ɗaya, ba zai sake ba sai kwana 6 sun shiga tsakani, ko ya yi hutun awa 34 mai sabunta lissafin mako. Amma tunda ya wuce awa 14, ranar sai da littafi da hutun minti 30. A duka biyun tuƙi bai wuce awa 11 ba.

Tambaya: Kwantena nake ɗauka daga tashar jiragen ruwa ta Los Anjalas zuwa ɗakunan ajiya, ban taɓa fita daga Kalifoniya ba. Dokar jiha ce a kaina ko ta tarayya?
Direban kwantena

Amsa: Tafiyar kayan ake dubawa, ba tafiyar motarka ba. Kwantenar da ta taso daga Sin za ta wani kanti ko ɗakin ajiya, zangonka ɓangare ne na kasuwancin da ya ƙetare iyaka, don haka dokar tarayya ce a kanka ko mil 20 kawai ka ja ta. Dokar Kalifoniya ta cikin gida, mai tuƙin awa 12 a cikin 16, ta masu kayan da suka taso a jihar suka ƙare a jihar ce. Tekzas ma tana da irin tata, awa 12 na tuƙi da 15 na aiki. Hutun cin abinci da na shan iska da dokar ƙwadago ta Kalifoniya ta tanada kuwa, a Disamban 2018 hukumar FMCSA ta yanke cewa ba ya hawa kan direbobin kaya da ke ƙarƙashin dokar awanni ta tarayya, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da haka a Janairun 2021.

Tambaya: Dusar ƙanƙara ta riƙe mu a hanya, mai raba aiki ya ce in yi amfani da ƙarin awa 2 in ƙarasa, alhali barci nake ji sosai. Da na ƙi ya ce zai rage mini aiki. Ina da mafita?
Direba daga kewayen Shikago

Amsa: Ƙarin awa 2 ɗin gaskiya ne: idan yanayin hanya ya ɓaci ba zato, tuƙi na iya kaiwa awa 13, awa 14 ɗin nan kuma ta koma 16. Amma sai abin da ba a sani ba kuma ba a iya sani ba lokacin da ka kama aiki ko ka tashi daga hutunka, kamar haɗarin da ya toshe hanya ko guguwar da ta sauko bagatatan. Dusar da aka yi kwana biyu ana sanarwa a kanta ba ta shiga, cunkoson safe da yamma bai shiga, jinkirin masu lodi da lalacewar mota ma ba su shiga. Idan ka yi amfani da shi, ka rubuta wuri da lokaci da abin da ya faru. Ɗan gajeren zango da wannan ya kai shi bayan awa 14, littafi ya hau kansa a ranar.

Wannan ƙarin dama ce aka ba ka, ba tilas ba. Akwai kuma wata doka daban, sashe na 392.3 na dokokin FMCSA, da ta hana direba tuƙi idan gajiya ko rashin lafiya ta taɓa hankalinsa har tuƙin ya zama haɗari, ta kuma hana kamfani sa shi. Ba ta duba awa nawa suka rage maka. Ƙin da ka yi daidai ne, kuma mun ji daɗi da ka ƙi.

Barazanar rage aiki ita ce abin da dokar hana tursasawa ta Janairun 2016 ta zo dominsa, kuma ta shafi kamfani da mai kaya da mai karɓar kaya da dillali. Don ƙararka ta tsaya, sai an ga abu uku: an nemi ka yi abin da zai karya doka, ka faɗa musu zai karya, su kuma suka yi maka barazana ko suka hukunta ka. Na tsakiyan ne direbobi ke sakaci da shi. Kada ka tsaya a kiran waya. Ka tura saƙo a rubuce ta na'urar motar ko ta wayarka, gajere: barci ya rinjaye ni, ba zan iya tuƙi lafiya ba, zan tsaya a wuri kaza, zan tashi ƙarfe kaza. Ka ɗauki hoton saƙon da amsar da suka bayar, ka ajiye kwafin littafinka na ranar da jadawalin aikinka na kafin abin da bayansa. Kana da kwana 90 daga ranar da abin ya faru ka shigar da ƙara a rubuce, ta shafin karɓar ƙorafi na hukumar FMCSA a intanet ko ofishinta na jiharku.